Malam Arzika, Mai Benci Guda

Da an sallame sallar asuba a Tambuwal, mutum na farko da za ka gani ya miƙi hanyar asibitin sha-ka-tafi shi ne Malam Arzika, makulli a dama, carbi a hagu. Ya buɗe ƙofa, ya kunna risho, ya ɗora tukunyar tafasa allurai, sannan ya ɗauki tsintsiya ya share gindin dogonyaron da ke bakin ƙofa da hannunsa, ko da mai shara ya zo. Abin da yake yi na ƙarshe shi ne ya jawo dogon bencin nan zuwa inuwa, ya girgiza shi ya ji ko wata ƙafa na rawa. Ran Litinin da Alhamis kuwa sai ya ɗaure akwatin magani a bayan babur ya nufi Kebbe, inda yake da ɗaki ɗaya da wani benci irin wannan. Shekara talatin da biyar ke nan yana haka, tun zamanin En'e, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa makulli ya koma gida ya huta.

To, ku dubi bencin nan da kyau, don a kansa maganata take. Guda ne tak. Mata daga wancan gefe, maza daga wannan, tsofaffi kuwa inda suka ga dama. Mai zazzaɓi, mai gyambo, mai ciki, mai ciwon ido, da tsohon sojan da barci ya ƙaurace wa shekara da shekaru, duk nan suke zama, kati iri ɗaya, taga ɗaya. Baƙo ba zai iya nuna wanda jikinsa ya kawo shi da wanda kansa ya kawo shi ba. In kun tambayi Malam Arzika yadda aka yi haka, cewa zai yi aikin gwamnati ne, ya canja magana. Ni rabin labarin daga bakin matarsa Hadijatu na ji, rabi kuma daga waɗanda suke zaune kan bencin Kebbe ranar da abin ya faru.

Shekarar da ta biyo bayan samun Jihar Sakkwato ce. Arzikin mai ya buɗe, ko'ina ka duba katafila da tifa, ana shimfiɗa hanyoyi. Wani kamfani ya kafa sansani a gindin wani dutse tsakanin Tambuwal da Kebbe, suna fasa shi da nakiya don samun tsakuwa. A daidai lokacin ne kuma ake ta sallamo sojojin da suka yi yaƙin basasa, suna dawowa ƙauyukansu da akwatin ƙarfe da rediyo, wasu da abin da ba ya shiga akwati.

Wata Litinin a Kebbe, wata matashiyar mata mai suna Husaina ta miƙo kati. Zuwanta na uku ke nan a wata guda.

"Mi ka damunki yau, ɗiyata?"

"Malam, ba ni barci. Gabana shina faɗuwa, hannuwana suna rawa, zufa ta jiƙe ni ko ana sanyi."

"Miƙo hannun in gani."

Ta miƙa. Hannu a tsaye ƙyam, tafi a bushe. Amma da ta ɗaga hannun sai mayafi ya zame, ya ga leɓenta a kumbure, haƙori ɗaya ya gutsire. Malam Arzika ya daɗe a aikin nan, ya san halinmu mu mata: in maigida yana jin kunyar zuwa asibiti, sai matarsa ta haddace ciwonsa ta zo ta faɗe shi kamar nata, ta karɓi magani ta kai masa. Ya sassauta murya.

"Ciwon ga ba naki ba ne. Na wa kinka ɗauko?"

Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da kyar ta ce, "Na maigida ne."

Maigidan shi ne Kofur Bube, wanda ya yi shekara goma a soja ya dawo gida da damina. Da farko lafiya ƙalau, in ban da rashin barci da yawan shiru. Ranar da aka fara fasa dutse, yana alwala, ƙarar ta tashi, sai ya yar da buta ya shige ƙarƙashin rumbu yana kiran sunayen mutanen da ba wanda ya sani. Daga nan ya haƙa rami mai tsawo a bayan gida, ya riƙa wuni a ciki da adda kusa da shi. Mutanen gari suka ce ai abin a fili yake: an rushe wa aljanun dutse gida, sun fito suna neman masauki, sun sami Bube. Aka rufe shi a ɗaki aka turara masa hayaƙi, ba su san cewa ya taɓa maƙalewa cikin motar soja tana cin wuta ba. Ya ɓalle ƙofar da kafaɗa. Sannan ranar Asabar, Husaina na daka, nakiya ta tashi, ya yi tsalle ya kayar da ita ya rufe ta da jikinsa, bakinta ya bugi turmi.

"Wallahi ba dukana ya yi ba, Malam. Kare ni shika yi. Amma Yaya Attahiru ya ce ya isa. An sassaƙa turu, shina nan zaure. Ran Juma'a in an sauko masallaci maƙeri za shi zo."

Yaran yanzu da suka tashi a birni, bari in gaya muku turu. Gungumen itace ne mai nauyi, a fafe rami a tsakiyarsa, a zura ƙafar mutum, maƙeri ya buga ƙarfe ya tokare ta, sai dai ya ja gungumen in zai motsa. Kuma ba ƙafa kaɗai yake kamawa ba. Wanda ya shiga turu a ƙasar nan, ko ya warke, sunan mahaukaci ba ya barinsa. Ba a karɓar shaidarsa, ba a neman shawararsa, a sahu ma sai a bar tazara. Iyayen Husaina kuma sun aiko daga Fakku cewa ranar da aka buga ƙarfen, ranar za su zo su ɗauke ta da 'ya'yanta mata biyu.

Malam Arzika ya san abin da turu ke yi. A aikinsa ya wanke ƙafar mutum uku da turu ya cinye wa nama har ƙashi, biyu daga cikinsu ba su tashi ba. Kuma shi ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Iyakar abin da ya sani, lokacin yaƙi an tura shi wata takwas taimako a wani asibitin soja a Kaduna, ya ga maza ƙarti ba ko ƙwarzane a jikinsu suna karkarwa a ƙarƙashin gado don an rufe ƙofa da ƙarfi, ya kuma ji wani likita na cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani. Da wannan ɗan guzuri ya hau babur ran Talata bayan la'asar ya sake komawa Kebbe.

Abin da ya fara tarbarsa a zauren shi ne ƙanshin sabon itacen ƙirya. Turun na jingine da bango, ramin nan a buɗe kamar baki. Attahiru, wan Bube, yana zaune gefe da gora a hannu, idanunsa jawur.

"Malam, in ka shiga, da ƙafarka ka shiga. Adda na wurinai."

Ya shiga. Ya gaya wa Hadijatu daga baya cewa daga zaure zuwa bayan rumbu bai fi taku ashirin ba, amma sai ya ga kamar tafiyar wuni ce. Ya tarar da Bube a tsugune cikin ramin, ya rame, gemu ya cukurkuɗe, addar na kan cinyarsa. Malam Arzika ya tsaya daga baki ya yi sallama.

"Kofur, a ba ni izini in shigo?"

Bube ya ɗago ya dube shi tsawon lokaci. Sannan ya matsa gefe. Malam Arzika ya tattare farar rigarsa ya sauka cikin ramin ya zauna, kafaɗa da kafaɗa, addar na tsakaninsu. Wata kaza ta zo ta leƙa su ta wuce.

"Ni ba mahaukaci ba ne, Malam," in ji Bube. "Na san Kebbe nika. Na san yaƙi ya ƙare shekara bakwai. Kaina ya sani, jikina ne ba shi sani ba."

"Na yarda. Amma gaya mani, can ba ku saba da ƙara ba?"

"Mun saba mana. In namu za su harba babbar bindiga, ana gaya muna: ƙarfe kaza, guda kaza. Mu zauna muna ƙirgawa, wani ma shina cin abinci. Wadda ba a gaya muna ba, ita ce ta abokan gaba." Ya shafa addar. "Irinta ta ɗauke Ladan, abokina, muna shan gari kwano guda. Wagga ta dutse ba mai gaya mani, Malam. To ta wa ce?"

Nan Malam Arzika ya ji an buɗe masa wata ƙofa. Ba ƙarar ce kaɗai ke kayar da mutumin nan ba, shammatar ce.

Da ya fito ya zauna gaban Attahiru ya roƙe shi kwana biyu. Kada ku ɗauka Attahiru mugu ne. Shi ya yi goyon Bube tun da mahaifinsu ya rasu, kuma yana maganar ne hawaye na bin gemunsa.

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kana zaton daɗi nika ji? Jiya haƙorin Husaina, gobe kan wa? Ɗiyanai ƙanana na gidan ga."

"Ka kawo mani shi asibiti ran Alhamis, ba adda. In zaunar da shi, nakiya ta tashi shina zaune, ka gani da idonka."

"In ya taɓa ko mutum guda fa?"

Malam Arzika ya ce, "Sai ka yi abin da ka ga ya dace."

"To ka ji da kunnenka. In ya taɓa mutum, ran Juma'a ba ni son jin ƙarar babur ɗinka unguwar ga."

Ran Laraba ya tafi gindin dutse neman helma, wato shugaban leburori, wani dogon mutum da kowa ke kira Dogo. Awa uku yana tsaye a rana, ƙurar tsakuwa ta mayar da shi kamar wanda ya fito daga rumbu, kafin Dogo ya saurare shi.

"Mu usur muka busa wa leburorinmu su ɓoye. Mi ya haɗa mu da mutanen gari?"

"Ba hana ku aiki za ni yi ba. Lokaci nika so, da adadi."

Dogo ya ƙyalƙyace da dariya. "Malam, tun da na fara aikin ga ba a taɓa neman nakiya ta yi alkawari ba, sai kai." Amma da ya ji labarin, dariyar ta ɗauke, don shi ma yana da ƙane a soja. Ya ce gobe ƙarfe goma sha ɗaya na safe, guda uku.

Hadijatu ta ce da ya gaya mata a kan benci zai zaunar da Bube, cikin jama'a, sai ta dafe ƙirji.

"Malam, cikin mata masu goyo? In ya shaƙe ɗan wani fa? Ka sa shi cikin ɗaki ka rufe mana."

"An rufe shi cikin ɗaki, kin ji abin da ya biyo baya. Kuma in na ware mashi wuri, gobe garin Kebbe duk za su ce ga ɗakin mahaukata. Turu ne shi ma, itace kawai ya rasa."

Ya faɗi haka da ƙarfin hali, amma ta ce da safen Alhamis ko kunu bai iya sha ba, kuma sau biyu yana mantuwar makullin babur.

Bencin Kebbe ya cika ranar. Akwai mata uku masu goyo, da wani manomi mai gyambo, da wani dattijo mai tari. A tsakiya, daidai inda mata suka ƙare maza suka fara, Na'inna ce zaune, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ciwon gwiwa ke kawo ta, wadda kuma ta mayar da duk samarin garin jikokinta tana kiransu mazanta. Attahiru ya kawo Bube da ƙarfe goma, ya sa masa wankakkiyar riga. Da suka doso, hirar benci ta mutu. Wata mai goyo ta janyo ɗanta daga baya ta rungume shi a ƙirji. Husaina ta laɓe daga nesa a gindin katanga.

Malam Arzika ya rubuta wa Bube kati irin na kowa, ya zaunar da shi kusa da Na'inna, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ƙarfe sha ɗaya za a fasa dutse, guda ukku. Kowa ya sani." Sannan ya zauna gefen Bube ya kwance agogonsa ya riƙe.

Sha ɗaya ta yi. Shiru.

Da minti goma. Shiru. Zufa ta keto wa Bube, ta jiƙa wankakkiyar rigar. Idanunsa suka fara yawo, daga katanga zuwa gindin itace, irin na mai neman wurin faɗawa.

"Malam, ka ce sha ɗaya."

"Na ce."

"In lokaci ya wuce, ba namu ba ne."

Malam Arzika ya dubi matan nan da jariransu. Ya san in abin ya ɓaci, ba ƙafar Bube kaɗai ba, har ran wani yana iya tafiya, kuma shi ya zaunar da shi. Ya danƙa masa agogon a tafin hannu.

"Riƙe, kai ne mai lokaci. Namu ne, sun makara. Ko soja ba su makara?"

"Suna makara," in ji Bube da wata murya can ƙasa.

"Wanga miji nawa ko zance ya zo sai ya makara," in ji Na'inna, amma ba wanda ya yi dariya.

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar, ƙasa ta girgiza. Bube ya cafke wuyan hannun Malam Arzika, riƙon da ya bar shatin yatsu har mako guda.

"Namu ne?"

"Namu ne, Kofur. Ƙirga."

"Ɗaya." Ta biyu ta tashi, tsuntsaye suka watse daga kan itace. "Biyu." Haƙoransa na haɗuwa, amma yana zaune. Ta uku. "Ukku."

Ya saki hannun a hankali. Wani ya ce alhamdu lillahi, masu goyo suka sauke ajiyar zuciya, Malam Arzika ya miƙe zai shiga ya kira na gaba. Ya taka taku biyu ke nan, sai ta huɗu ta tashi, ta fi duk sauran ƙarfi, har kwalaben magani suka yi ƙara a kan kanta. Daga baya aka ji ashe akwai wani ramin nakiya da ya ƙi tashi tun shekaranjiya, suka haɗa da shi, Dogo ya manta bai lissafa ba.

Bube ya kurma ihu, "Ƙasa! Kowa ƙasa!" ya yi tsalle ya kayar da Na'inna daga kan benci ya rufe ta da jikinsa. Mata suka watse suna salati, jarirai suka ɓarke da kuka, Husaina ta ɗora hannu a ka. Malam Arzika ya ce a wannan lokacin ramin turun nan kawai yake gani a gabansa.

Bai ja Bube ba, bai kira ƙarti su danne shi ba. Kwantawa ya yi a ƙasa rub da ciki, da farar rigarsa, ya sa fuskarsa daidai da tasa.

"Kofur. Dube ni. Namu ne, kuskure sunka yi. Fuɗu ne, ni na ce maka ukku. Laifina ne. Ta ƙare. Dubi wadda ke ƙarƙashinka."

Bube na huci, idanunsa ba sa ganin kowa. Malam Arzika ya yi ta maimaitawa, a hankali, a hankali, har aka ji wata murya daga ƙasa.

"Kai, mijin banza, ɗaga ni! In so kaka yi, ka biyo ta zaure ka gaida manya."

Bube ya ƙifta ido. Ya mirgina gefe ya zauna, ya dubi tsohuwar, ya dubi gwiwar hannunta da ta goge tana jini, sai ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa.

A nan ne Attahiru ya fito. Daga ina? Daga ƙarƙashin benci, hularsa na can cikin ƙasa. Ya kakkaɓe riga, ya dubi jinin hannun Na'inna, ya ce da murya mai nauyi, "Malam, ka dai gani. Ya taɓa mutum."

Malam Arzika ya san sharaɗi ne, da bakinsa ya amince.

"Ya ga mi?" in ji Na'inna, tana ƙoƙarin ɗaura kallabi. "Duk mazan da ke wurin ga, wa ya tuna da ni in ba shi ba? Kai ina kake sa'adda ta tashi? Ƙarƙashin benci, kai ciki, gindi waje! In tsoron ƙara ne hauka, a sassaƙa turu biyu, a fara da babban wa."

Mai gyambo ne ya fara tuntsirewa, sai dattijo mai tari, dariya ta haɗe masa da tarin. Dariya ce irin ta waɗanda suka tsira, rabinta kuka. Na'inna ta ɗingisa ta koma mazauninta, ta bubbuga katakon da ke gefenta. Bube ya tashi ya zauna, katinsa a hannu. Biyu daga cikin masu goyo ba su dawo kan bencin ba, gaskiya ce, a tsaye suka ƙarasa jira. Malam Arzika ya wanke wa Na'inna hannu ya shafa mata aidin, ya duba mai tari, sannan ya leƙo ta taga ya kira, yadda yake kiran kowa, "Bube!" Ya shiga, ya fito da ƙwayoyin barci a ƙunshe cikin takarda.

Attahiru ya ɗauki hularsa, ya sa ƙanensa a gaba, suka tafi.

Juma'a ta yi, Malam Arzika na Tambuwal, an hana shi zuwa. Hadijatu ta ce bayan an sauko masallaci zama ya yi a zaure yana kallon hanyar Kebbe, in maƙerin unguwa ya buga guduma sai ya zabura. Asabar ba labari, Lahadi ba labari. Ran Litinin ya isa Kebbe, tun daga nesa ya hango gungumen ƙirya a ƙofar asibiti, da jaki a ɗaure gefe. Saura kaɗan ya faɗi da babur. Sai da ya matso ya ga ramin wayam, ba a buga ƙarfe ba. Attahiru na tsaye, Bube na kan benci ya riga kowa.

"Ga shi nan," in ji Attahiru, bai dube shi ba. "Ka san yadda za ka yi da shi. Ba ni son ganinai gidana."

Kada ku ce daga ranar Bube ya warke. Malam Arzika ya rubuta masa takarda zuwa wurin likita a Sakkwato, ya raka shi da kansa, aka tsara masa magani, amma ya roƙi a bar shi ya riƙa karɓa a tagar Kebbe tare da kowa. Bai hana shi shan rubutun Malam Lauwali limamin unguwarsu ba; zuwa ya yi ya durƙusa gabansa suka daidaita, rubutu da safe, ƙwaya bayan magariba, hayaƙi kuwa aka daina. Dogo ya riƙa aiko direban tifa da lokaci da adadi, kuma bai sake kuskuren ƙirga ba. Har yau in Sallah ta zo, sai an aika wa Bube kafin maharba su fara harba bindigoginsu. Yana da ranakun da ba ya fita. Amma yana noma, yana tsayawa a sahu, Husaina na ɗakinta da haƙorinta gutsirarre, sun ƙara 'ya'ya uku.

Labari ya bazu. Tsofaffin sojoji suka fara zuwa daga Sanyinna da Dogon Daji da ƙauyukan da ke bayansu, wannan ya ce ciwon kai, wancan ya ce ciwon ciki. Malam Arzika ya ba da maganin kan, sannan ya tambaya kamar ba komai, "Barci fa, Saje?" Daga wannan tambaya maza da yawa suka sauke abin da suka yi shekaru suna ɗauke da shi. Ba duka ya samu ba. Akwai wani daga Sanyinna da ya zo sau biyu, ya fita gida wata rana ba a sake ganinsa ba. Katinsa na nan a aljihun tebur, Malam Arzika ya ƙi yarda a yar. Da wasu manya suka zo rangadi suka ba da shawarar a ware wa masu irin wannan ciwo rana guda, a kafa allo, ya ce su yi haƙuri, ranar da aka kafa allon ranar za su daina zuwa.

Malam Arzika, na Hadijatu, mai benci guda. Kai ne ka sauka cikin rami da farar riga alhali ka san akwai adda a ciki. Kai ne ka kwanta a ƙasa gaban mata da maza ka ce laifinka ne, don wani ya tashi da mutuncinsa. Ba ka da babbar takarda, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, kuma ka ji tsoro kamar kowa, sai dai tsoron bai sa ka rufe ƙofa ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa abin da ka yi ya tarbe ka ranar da kowa zai nemi inuwa.

Ku kuma samari da 'yan matan da za ku karɓi makulli, har yanzu akwai gidajen da aka jingine gungume a zaure ana jiran Juma'a. In mace ta zo muku da ciwon da ba nata ba, ku tambaye ta na wane ne. In tsohon soja ya ce kansa na ciwo, ku tambaye shi barci. Kuma don Allah kada ku ƙara benci na biyu.

In kun je Kebbe ku duba gindin taga, turun na nan. Ya yi baƙi, ya yi santsi don yawan amfani. A kansa masu gyambo ke ɗora ƙafa a wanke musu, a ɗaure. In an gama, kowa ya sauke ƙafarsa da kansa, ya tafi gida.